Yadda Za Ka Manna wa Motarka Ledar Baƙin Gilashi da Kanka a Sakkwato

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma motar da ta yini a rana takan fi haka nesa ba kusa ba: sitiyari ba ya taɓuwa, dashbod ya tsattsage, kujeru su koɗe. Ledar gilashi mai kyau tana rage wannan wahala ƙwarai, kuma mai haƙuri zai iya manna ta a gida. Mannawar kanta minti kaɗan ce. Inda aikin yake shi ne zaɓen leda da kuma yaƙi da ƙura, don ƙwayar ƙura ɗaya da ta shiga tsakanin gam da gilashi ta zauna ke nan har ranar da za a ɓare ledar. A garinmu kuwa ƙura ba baƙuwa ba ce.

Doka tukuna

Tun 1991 akwai dokar tarayya da ta hana sa wa mota gilashin da ke ɓoye na ciki, sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko na tsaro. Hukuncin da ta tanada shi ne tarar naira 2,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A 2021, zamanin Sufeto Janar Usman Alkali Baba, an dakatar da bayar da izinin. A 2025 rundunar ta dawo da shi ƙarƙashin Kayode Egbetokun, ana nema ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP da lambar NIN da takardun mota, sai dai ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta kai maganar kotu, aka yi ta ɗage ranar fara kamu. Saboda haka kafin ka sayi ko mita ɗaya, ka leƙa shafin ko ka tambaya a hedikwatar 'yan sanda ta jiha yadda ake ciki a yanzu. Wanda ke bin hanyar Illela, ko Gusau, ko ta Goronyo zuwa Sabon Birni, ya san yawan shingayen bincike da kuma dalilin kafa su. Jami'in da ke tsaye a wurin yana da haƙƙin ganin wanda ke cikin mota.

Wace leda, wane duhu

A jikin kwalin leda za ka ga lamba kamar 5, 20, 35, 50 ko 70, galibi kusa da haruffan VLT. Lambar tana nufin kashi nawa cikin 100 na haske ke ratsawa. Mai lamba 5 ita ce baƙa ƙirin, mai 70 kuwa da ƙyar ake gane an sa ta. Ka tuna gilashin mota da kansa yana tare wani haske, yawanci kashi 70 zuwa 80 yake bari ya wuce. Idan ka ɗora leda mai 35 a kan gilashi mai 80, abin da zai shigo kusan kashi 28 ne. Motoci irin Highlander da Sienna kuma sukan zo da gilasan baya masu duhu tun daga kamfani, launin a cikin gilashin yake. Ɗora musu leda mai 20 mayar da bayan mota ne rami.

Mutane da yawa na ɗauka mafi duhu shi ne mafi sanyi, kuma wannan zato ne ke sa ake asarar kuɗi. Kusan rabin zafin rana yana zuwa ne ta wani hasken da ido ba ya gani, wanda ake rubuta IR a kwali. Tare shi ya dogara da abin da aka yi ledar da shi.

Leda mai rini ita ce mafi araha kuma ita ta cika kasuwa. Tana ba da duhu, amma zafin da take tarewa kaɗan ne, kuma ranar Sakkwato kan cinye rinin ta koma shunayya, gam ya saki ta yi ƙuraje. Mai sinadarin ƙarfe tana ƙyalli, tana mayar da zafi sosai, sai dai takan rage sabis na waya da na taswira, ta dagula rediyo idan eriyar tana cikin gilashin baya. Ta kabon ba ta ƙyalli, ba ta sauya launi, ba ta taɓa sabis. Ta siramik ta fi su duka tare zafi kuma ta fi tsada; siramik mai lamba 50 na iya fin mai rini mai lamba 5 sanyaya mota.

Shawararmu: ƙofofin gaba 50 ko 70, ƙofofin baya da gilashin baya 35, kabon ko siramik gwargwadon aljihu. Kada ka sauka ƙasa da 20 a ko'ina. Mai lamba 5 da dare haɗari ce tsantsa. Ɗan kabu-kabu marar fitila, jaki ko raƙumi a bakin titi, yaro a lungu lokacin da kake ribas, duk ta gilashin gefe da madubi ake hango su. Gilashin gaba kuwa a bar shi yadda yake. In ka matsu, siririn layi na santimita 10 zuwa 12 a can sama ya isa.

Kwali na iya cewa siramik alhali rini ne a ciki, don haka ka nemi mai shago ya yanko maka ɗan guntu. Ɓare shi, ka goga tina, wato ruwan sirka fenti, a ɓangaren gam. Idan launin ya fita ledar ta koma fara, rinin a cikin gam yake, ita ce mafi ƙasƙanci, bar ta. Karce ɗaya ɓangaren da farce: mai kyau tana da rufin da ba ya karcewa da sauƙi. Sannan ka fita rana da tsaka, ka ɗora guntaye biyu a bayan hannunka ɗaya bayan ɗaya. Fata za ta gaya maka bambancin.

Ga mota irin Corolla, Camry ko Accord, ƙofofi huɗu da ƙananan gilasan kusurwa kan ci kusan mita 4 na leda mai faɗin santimita 50. Sayi mita 6, don sabon hannu sai ya ɓata ɗaya ko biyu. Gilashin baya na son faɗin santimita 75 zuwa mita 1, tsawon mita ɗaya da rabi; sayi mita 3. Auna naka gilashin kafin ka fita. A naɗe za ka ɗauko ta, kada a ninke maka, don karyewar ninki ba ta gyaruwa.

Kayan aiki

Kwalbar feshi mai cin lita 1. Robar matse ruwa mai faɗi, da kati mai tauri na kusurwa. Tsohon katin ATM da aka naɗe da ƙyalle mai laushi yana yi. Wuƙar yanka kwali mai bakin da ake karyawa, da reza sababbi da yawa, duka na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin baƙin ƙarfe kan karce gilashi. Soson roba fari marar kaushi, tawul ɗin goge mota marar zubar da zare guda uku ko huɗu, salatif na takarda irin na masu fenti, babbar leda ta rufe ƙofa, hodar jarirai, da na'urar hura iska mai zafi. Wannan na'ura kan ja wat 1,500 zuwa 2,000, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta, sai ka tsara aikin gilashin baya da lokacin da ake da wuta ko ka samo babban inji. Dirayar gashi za ta taimaka a ƙofa, amma zafinta bai isa gilashin baya ba.

Ruwan aiki shi ne lita 1 na ruwa mai tsabta da ɗigo 6 zuwa 10 na shamfun jarirai. Yi amfani da ruwan gora ko fiya wata mai kyau. Ruwan rijiya, na burtsatse da na 'yan garuwa na ɗauke da laka da gishirin ƙasa da za su fito fari-fari a ƙarƙashin leda. Omo kuwa kada ya kusanci wurin, yana kashe gam. Idan sabulu ya yi kaɗan leda za ta cafke gilashi kafin ka daidaita ta. Idan ya yi yawa za ta yi ta zamewa, gefuna su ƙi kamawa. Da zafi ana ƙara ɗigo biyu ko uku. Haɗa lita 3 tun farko, kada ka yi tsumulmular ruwa.

Lokaci da wuri

Damina ta fi kowane lokaci, musamman safiyar da aka kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙe iska ta wanku. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne mafi muni: ƙurar da ke yawo a iska ba ta ganuwa sai ta sauka kan gam, ga busasshiyar iska na sa leda ta riƙa jawo ta da kanta lokacin ɓarewa. In akwai hali a jira. Da bazara ana iya yi, amma daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe 10, kuma motar ta kwana a inuwa. Taɓa gilashin da bayan hannu. In da ɗumi, dakata. A kan gilashi mai zafi ruwa na bushewa nan take, gam ya kama a karkace.

Samu gareji ko rumfa mai bango. Ƙarƙashin dogon yaro akwai inuwa, amma ganye da ƙura na zubowa. Share wurin tun jiya, yau kuma yayyafa ruwa a ƙasa har ta jiƙe, kashe fanka, rufe ƙofa, a hana yara kai da kawowa. Wankin mota da kakkaɓe kujeru ma tun jiya za a yi, don ƙurar da ta tashi ta samu ta kwanta. Cire babbar riga, rawani da rigar sanyi, sa riga mai gajeren hannu marar gashi, wanke hannu har gwiwa. Kafin ka ɓare kowace leda, fesa ruwa sau biyu a iskar da ke kewaye da kai.

Idan akwai tsohuwar leda, rana za ta yi maka rabin aiki. Jiƙa ta daga ciki da ruwan sabulu, manna baƙar ledar zuba kaya a kai don ruwan ya tsaya, shimfiɗa wata baƙar daga waje, juya gilashin ga rana kamar awa ɗaya. Ɗaga kusurwa ka ja a hankali, za ta fito da yawancin gam ɗinta. Ragowar gam a ƙofa reza da ruwa ke cire shi. A gilashin baya sifirit da ƙyalle kawai. Wannan ma a yi shi kwana ɗaya kafin mannawa.

Gilashin ƙofa

Fara da ƙaramin gilashin kusurwa ko ƙofar baya, hannu ya saba kafin ka zo inda direba zai riƙa kallo kullum.

Ledar hawa biyu ce: ita kanta mai launi, da farin ɓawo da ke rufe gam. Don gane ɓangaren ɓawo, manna salatif a fuska biyu na kusurwa ɗaya ka ja su. Wanda ya rabu fari shi ne ɓawo. Ana yanka a waje, ana mannawa a ciki. Lokacin yanka dole ɓawo ya fuskance ka. Wanda ya juya ta zai tarar ya yanka na ƙofar ɗaya gefen.

Ɗaga gilashi har sama, wanke wajensa, fesa ruwa, shimfiɗa leda da ta ɗara gilashin girma. Miƙaƙƙen gefen da ya zo daga kamfani shi za ka sa a ƙasa, ya sauka santimita 1 ƙasa da bakin roba, don wannan rarar ce za ta shige bayan robar ciki. Yanka gefen gaba kana bin robar gefe. Zame ledar santimita 1 zuwa wajen da ka yanka, sannan ka yanka gefen baya. In ka maido ta tsakiya za ka samu rarar milimita 5 a kowane gefe, wadda za ta ɓuya cikin kwarin gilashi, haske ba zai leƙo ba. Yanzu matse tsakiyar sama da roba don ta tsaya, ɗaga ƙasan ledar daga jikin ƙofa kada ta maƙale, sauke gilashi kamar santimita 5. Kwantar da wuƙa a kan bakin gilashin na sama, ka bi shi da jan hannu ɗaya ba tsayawa. Karya bakin wuƙa kafin kowane dogon yanka. Dakusasshen baki yayyaga leda yake. Ƙarasa kusurwoyi a kan wani gilashi shimfiɗaɗɗe, ka ɗan zagaye su, don kusurwa mai tsini ita ke fara ɗagowa.

Idan ka ga dogayen tudu sun taso a ƙasan ledar saboda lanƙwasar gilashi, hura musu zafi kaɗan tun tana waje, ka kwantar da su da kati zuwa ƙasa.

Sai wankin ciki, kuma a nan ake cin nasara ko a faɗi. Rufe murfin ƙofa na ciki da babbar ledar rufe ƙofa, musamman makunnan gilashi da sifika, don ruwa na lalata su. Sauke gilashi kaɗan, wanke bakinsa na sama inda datti ke taruwa. Jiƙa gilashin, kankare shi duka da reza a kwance, ko da ido na ganin tsaf yake. Kada reza ta taɓa busasshen gilashi. Kwarin gefe da robar ƙasa suna da wani gashi-gashi da ke riƙe ƙurar shekaru: naɗe kati da tawul ka zura ciki ka share, fesa ruwa mai yawa ya wanke shi zuwa ƙasa, sannan ka rufe gashin da salatif. Matse ruwa daga sama zuwa ƙasa, kana goge bakin roba bayan kowane ja. Yi haka sau biyu. A na ƙarshe kada tawul ya sake taɓa gilashin.

Bar gilashin a sauke santimita 5, jiƙa shi sharkaf. Manna ledar da ka yanka a wajen gilashin ƙofar kusa wanda ka wanke, ɓawo na fuskantarka. Jiƙa yatsunka, ɓare kashi biyu cikin uku na ɓawon daga sama kana fesa wa gam ruwa yayin da yake buɗewa, ko'ina ya jiƙe. Ɗauko ta da hannu biyu, kada ta taɓa kujera, rufin mota ko rigarka, ɗora ta a gilashi. Zame ta har gefuna su shige kwari, ka bar tazarar milimita 1 zuwa 2 daga bakin sama. In ta kai baki daidai, roba za ta riƙa cizonta duk lokacin da aka ɗaga gilashi har ta ɓare.

Fesa ruwa a bayan ledar don roba ta zame, matse layin sama daga tsakiya zuwa dama, daga tsakiya zuwa hagu, da ƙarfi, sau biyu ko uku. Ɗaga gilashi a hankali, da ɗan taɓa makunni, kada ya tafi gaba ɗaya da kansa. Ɗaga ƙasan ledar, sake fesa gilashin, cire ragowar ɓawo, jiƙa gam. Ja robar ƙasa baya da kati, ka zura rarar a bayanta ba tare da ta ninke ba. Daga nan matse komai daga tsakiya zuwa gefe da kuma ƙasa, kowane ja ya hau rabin wanda ya gabace shi. Kada ka tura ruwa sama ko daga gefe zuwa tsakiya, datti yake dawowa da shi. Ƙarshe, naɗe kati da busasshen tawul ka bi gefuna, tawul na tsotse ruwan da ke fitowa. Fita waje ka duba da kyau, daga nan aibi ya fi ganuwa.

Gilashin baya

Wannan shi ne mai wuya, don ya lanƙwashe ta hanya biyu, leda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, sai an ƙanƙance ta da zafi ta ɗauki siffarsa. In motarka na da gilashi mai zurfin lanƙwasa, ko ba ka da na'urar zafi, yi ƙofofi da kanka ka kai wa masu sana'ar wannan ɗaya. Ya fi asarar leda mita 3.

Abin da ya kamata ka riƙe: leda ta hanya ɗaya take ƙanƙancewa. Shimfiɗa ta yadda tsawon naɗin zai bi faɗin mota, gefunan kamfani suna sama da ƙasa. Tudun da suka miƙe zuwa sama ko ƙasa suna kwanciya da zafi, waɗanda suka nufi dama ko hagu ba sa kwanciya, ƙonewa suke.

Wanke wajen gilashin ka busar, shafa hoda kaɗan ƙwarai don leda ta riƙa zamewa. Da jiƙaƙƙen ƙyalle ja layi ɗaya a tsakiya daga gefe zuwa gefe, da layi biyu a tsaye a dama da hagu, kamar harafin H. Ɗora leda, ɓawo na fuskantarka, yanke ta da rarar santimita 3, danna ta a kan layukan nan masu ruwa. Duk rarar za ta taru sama da ƙasa. Raba gilashin kashi huɗu a ranka, ka ɗauki ɗaya. Riƙe na'urar da nisan santimita 10 zuwa 15, fara daga kusa da layin tsakiya kana tafiya zuwa baki, hannu na motsi kullum. Da ka ga leda ta fara yamutsewa ƙanana-ƙanana, janye zafi ka shafe wurin da kati mai ƙyalle zuwa baki. Babban tudu a raba shi ƙanana da yatsa kafin a hura. Tsayawa wuri ɗaya na narkar da leda, danna tudun da bai sha zafi ba kuma na barin karaya ta dindindin.

Idan ta kwanta duka, sa wani ya haska fitila daga ciki don ka ga iyakar baƙin fentin da ke kewaye da gilashin. Yanka milimita 3 cikin baƙin, da sabon baki da hannu marar nauyi. Mai tsoron karce gilashi ya zana da alƙalamin maka ya yanka a kan allo.

A ciki, cire matasan kai na kujerun baya da fitilar birki ta tsakiya in tana cirewa, shimfiɗa tawul a kan sifiku. Reza haramun ce a nan. Siraran layukan da ke jikin gilashin wayoyin narkar da raɓa ne, kuma ko da ba ka damu da su ba a Sakkwato, a motocin Kwatano da yawa eriyar rediyo na cikinsu. Yanka ɗaya ya isa ya kashe layi. Soso fari da ruwa za ka yi amfani da su, kana bin layukan a kwance. Aikin mutum biyu ne: a ɓare ɓawo duka a waje ana fesawa, ɗaya ya shiga ya zauna, ɗaya ya miƙo masa ledar a buɗe, gam na fuskantar gilashin da aka jiƙa. Daidaita ta, ja layi ɗaya a tsakiya, sannan ka matse daga tsakiya zuwa gefe kana bin layukan, rabin sama tukuna, sai rabin ƙasa. Ƙasan gilashin inda hannu ba ya kaiwa, ɗaura kati a kan siririn katako.

Bayan an gama

Kada a sauke gilashi kwana 3 da bazara, kwana 5 zuwa 7 da damina ko lokacin sanyi. Manna salatif a kan makunnan don yara da mai mantuwa. Wannan na nufin kada ka yi aikin ana jibi za ka yi tafiya, don a shingen bincike dole ka sauke gilashi. In tafiyar ta kama, buɗe ƙofa. Yanzu rana abokiyar aiki ce, ajiye motar a cikinta ruwan ya bushe.

Hazo-hazo da ƙananan kumfar ruwa a kwanakin farko ba matsala ba ne, suna ɓacewa cikin mako ɗaya zuwa uku, kada ka taɓa su. Kumfar da ta wuce haka iska ce, alamar ba a matse da ƙarfi ba. Huda gefenta da siririyar allura, ɗan ɗumama, tura iskar zuwa hudar. Farin ɗigo mai ƙwaya a tsakiya ƙura ce. In ka gan shi tun leda na jiƙe kuma kusa da baki, ɗaga wurin, wanke shi da feshi, mayar. In ya bushe, sai haƙuri ko sabuwar leda. Tudun da ke dawowa a ƙasan ƙofa na nufin ba a ƙanƙance ba ko ruwa ya taru a bayan roba: hura zafi daga wajen gilashi, danna daga ciki da kati mai tawul, riƙe har ya huce. Fari-farin da ke fitowa a kan ɗige-ɗigen baƙin fenti na bakin gilashin baya kuwa saboda leda ba ta zama daidai a kan tudunsu. Bayan kwana uku, da rana ta gasa gilashin, bi wurin da yatsa a cikin ƙyalle, zai ragu sosai ko da bai ɓace duka ba. Dogayen karce a tsaye da ke bayyana bayan makonni yashi ne a cikin robar ƙasa, shi ya sa wanke ta ya zama dole tun farko, kuma a ci gaba da share ta lokaci-lokaci, musamman bayan hunturu.

Kada a goge cikin gilashin sai bayan mako biyu. Daga nan ruwa da ɗigon shamfu da tawul mai laushi sun isa. Maganin goge gilashi mai amoniya yana cin leda, jarida da busasshen tsumma suna karce ta, kuma ƙura a fara jiƙa ta kafin a share. Gaya wa yaran wankin mota wannan da bakinka, don yawancinsu da omo da tsumma ɗaya suke bin ciki da waje. Kula da ƙarfen bel idan ana kwance shi, yakan daki gilashi ya fasa leda, kuma kada a manna sitika a kanta, ranar cirewa tare za su fito.